Kafin a jefa wa mai tsaron tasha ta biyu ƙuri'ar wasan taurari

Kowane watan Yuni, ƴan tsirarun da ke bin besbol ɗin Amurka a Nima da Mamobi sukan koma kan gardama ɗaya a wajen shan ataya: wa ya cancanci fara wasan taurari (wasan tsakiyar kaka da magoya baya ke zaɓen masu fara shi da ƙuri'a) a tasha ta biyu, ɗaya daga cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki? Wasannin gabashin Amurka ƙarfe 11 na dare suke somawa a agogon Accra, na yammaci kuma sai wajen 2, shi ya sa da yawanmu alƙaluma kawai muke gani da safe a waya. Alƙalamin da ido ke fara kamawa kuwa shi ne matsakaicin bugu, kuma a wannan gurbin ya fi kowane alƙalami yaudara.

A ɗauki kakar 2023 a rukunin National, ɗaya daga cikin rukunai biyu na babbar gasar, ɗayan shi ne American. Luis Arraez na Miami ya gama da .354, wato 354 cikin kowane bugu dubu sun yi kyau, an kuma fitar da shi da jifa uku (ya kasa buga jifa uku masu kyau) sau 34 kacal a kakar gaba ɗaya. Ozzie Albies na Atlanta ya tsaya a .280. Tazarar kamar ta raba gardama. Amma Arraez homran (bugun da mai shi ke zagaye duk tashoshi da shi ya ci maki) 10 ya yi, Albies 33, tare da shigo da maki 109. Idan aka haɗa yawan kaiwa tasha da nauyin bugun, abin da ake kira OPS, Arraez yana da .861, Albies .849, kusan kunnen doki. Masu ƙuri'a Arraez suka ba farawa a wasan taurarin shekarar, da aka yi a Seattle, kuma ban ga laifinsu ba, domin a watan Yuni yana dab da .400. Sai dai tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda .354 da .280 ke nunawa ba.

OPS ɗin ma a riƙe shi da hankali. Wanda gidansa Denver ne, inda filin ke bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,600, ƙwallonsa ya fi nisa saboda iskar wurin ba ta da kauri. Domin haka a nemi OPS+ ko wRC+, waɗanda suka cire tasirin fili: 100 shi ne matsakaici, 120 na nufin ya fi matsakaicin ɗan wasa da kashi 20 cikin ɗari.

Rabin aikin gurbin kuwa ba da sanda ake yin sa ba. Mai tsaron tasha ta biyu shi ne mahaɗar fitar da mutum biyu a wasa guda, wanda masu rubuta sakamako ke sa wa 6-4-3, bisa lambobin gurabe: shotstof (6), mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, ya ɗauko, ya miƙa masa (4), shi kuma ya aika tasha ta farko (3). Tsakanin tasha da tasha ƙafa 90 ne, mai bugu na cinye ta cikin sakan 4 da ɗan ɗoriya, jifa biyu kuma dole su shige cikin wannan lokacin. Zai isa tashar da wuri, ya taka ta da ƙafar hagu, ya buɗe hannu biyu a gaban ƙirji, ya tari ƙwallon a tafin safar hannu kusa da hannun jifa, sannan ya ja baya ko ya tsallaka gaba ya jefa. Duk wannan yana yi ne mai gudu na tahowa ta inda ba ya ganinsa sosai. Wurare uku abin ke lalacewa. In ya makara, jikinsa na cikin gudu zai karɓi ƙwallon, jifar ta kauce. In ya bari ƙwallon ya nutse can cikin aljihun safar, lalubo shi kaɗai ya ci lokacin. In ƙafafunsa ba su juya sun fuskanci tasha ta farko ba, da hannu zalla zai jefa, ƙwallon ya faɗi ƙasa kafin ya isa.

Abin da ya kamata kowane mai ƙuri'a ya sani shi ne mai rubuta sakamako ba ya rubuta wa mai jifa kuskure don an kasa fitar da mutum na biyu, matuƙar an fitar da na farko kuma jifar ba ta ƙara wa wani tasha ba. Haka ƙwallon da ɗan wasa bai kai gare shi ba sam, ba a lissafa masa shi. Ke nan mai nauyin ƙafa na iya gama rabin kaka da kuskure biyu tak, a yi ta yabonsa, alhali ƙwallaye na wuce shi dama da hagu. OAA da DRS, ma'aunan aikin tsaron fili, sun fi gaskiya, domin suna auna abin da ya kamata a ce ya kama, kuma kyauta ake duba su a shafukan intanet na Baseball Savant da FanGraphs. Amma wata uku ya yi musu kaɗan. Sai a haɗa da na bara da na bara waccan kafin a yanke hukunci.

Wannan ya ƙara nauyi tun 2023, da doka ta tilasta mutum biyu a kowane gefen tasha ta biyu, ƙafafunsu kuma a kan ƙasar cikin fili. Da can ana iya ɓoye mai rauni ta hanyar tsayar da shi can cikin ciyawa a kawo masa mataimaki. Yanzu babu wannan rufin asirin, shi ya sa darajar irin su Andrés Giménez, wanda ya ci Gold Glove, kyautar gwanin tsaron fili, sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024, ta fi abin da sandarsa ke nunawa.

Sai zuwa aiki kullum. Marcus Semien ya buga duk wasanni 162 na Texas a 2023, da homran 29 da maki 100 da ya shigo da su, ga hannu mai kyau a fili. Shi ne kuma ya yi homran 45 a Toronto a 2021, adadin da babu mai tsaron tasha ta biyu da ya taɓa kaiwa a kaka ɗaya. A wurina irinsa ne ma'auni. Wanda ya yi jinyar wata guda ya dawo da alƙaluma masu sheƙi a wasa 45 ba ya gaban wanda ya yi 80 da kaɗan ƙasa da hakan.

Suna da yawan magoya baya ma suna ja. A 2015 mutanen Kansas City sun tura Omar Infante saman ƙuri'a na ɗan lokaci, duk da bugunsa na cikin mafi rauni a rukunin American, kafin Jose Altuve ya wuce shi. Ƴan'uwa, wanda zai kaɗa ƙuri'a daga nan ya fara da wRC+, ya dubi OAA na kaka biyu ko uku, ya ƙirga wasannin da mutum ya buga a gurbin kansa, sannan ya nemi bidiyon 6-4-3 ɗinsa guda biyar ya lura da ƙafafun.