Yau saura kaɗan in tura kuɗin bindigar da ban taɓa riƙewa ba

Talata, Aboabo a Kumasi, bayan isha'i.

Yau ban yi wani aikin kirki a shago ba, jikina na wurin amma hankalina na kan waya tun asuba. Sati biyu kenan da yaran nan biyu suka zo a kan mashin ana shirin kiran magariba, ɗaya bai ko kashe mashin ɗin ba, ɗayan ya ɗora min bindiga a ƙasan haƙarƙari ya ce in miƙo jakar. Na miƙa. Cinikin MoMo, wato turawa da cire kuɗi ta waya, na ranar gaba ɗaya da wayoyi biyu da nake aiki da su. Alhamdulillahi ba a taɓa lafiyata ba, amma tun ranar duk mashin da ya rage gudu a gaban kiyos ɗina sai in ji cikina ya juya, ko da kuwa mai kawo burodi ne.

To shekaranjiya wani da muke zama a bes ɗaya ya ba wani mutum lambata, wai yana Accra, wai yana da fistol ta hannu zai sayar. Ban san fuskarsa ba, ban san unguwarsu ba, muryarsa kawai na sani. Jiya da dare ya turo hotuna huɗu ta WhatsApp da ɗan bidiyo, baƙa ce, an shimfiɗa ta a kan tawul, ya ce ta waje ce ba ƙirar gida ba, mai ita ya rasu ne iyalansa ke neman kuɗi. Sidi 8,000, in tura rabi ya sa ta a kwali ya ba motar Kumasi, in ta iso in cika. Wallahi da safen nan har na buɗe wayar na rubuta lambarsa, na rubuta 4,000, saura in sa lambar sirri, sai ga wata tsohuwa ta zo cire kuɗin da ɗanta ya turo mata, na ajiye wayar na sallame ta, kafin ta gama ƙirga kuɗinta sau uku zuciyata ta ɗan sanyaya, na ce bari dai in nuna wa Kawu tukuna.

Na bar wa ƙanena shagon na hau pragya, keke mai ƙafa uku, zuwa Asawase. Kawu wan mahaifiyata ne, ya yi aikin ɗan sanda har ya yi ritaya, kuma ya daɗe a ɗakin ajiyar makamai, don haka in ana maganar bindiga ba labari ya ji ba. Na same shi a zaure yana jin rediyo. Bayan gaisuwa na ce Kawu wata shawara na zo nema, na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo yana matso hoton da yatsa, bai ce komai ba har na fara jin kunya.

Abin da ya fara tambaya shi ne ina lambarta. Na ce wace lamba. Ya ce duk bindigar kamfani akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfenta, kuma duk hotuna huɗun nan ɓangare ɗaya aka ɗauka, ɗaya gefen an kwantar da shi a kan tawul. Ko dai an goge lambar, ko kuma babu ita tun asali don maƙeran gida akwai masu hannu, suna ƙera abin da in ka gani a hoto za ka rantse daga Turai ya fito. Ya ce shi in an kawo masa tsohuwar fistol, sai ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya kwance ta, ya ɗaga bututun ya leƙa a haske ya ga ko zanen da ke ciki ya cinye, ko tsatsa ta yi ramuka, ko akwai inda ya kumbura. Ya duba tsagewa a jikin ƙarfe, irin siririyar nan kamar gashi wadda mai da baƙin fenti ke rufewa, ya ji ƙarfin sifirin da hannunsa, ya gwada makullin kariya ya ga yana riƙewa ko ya saki. Ya ce ɗana, a cikin waɗannan wanne ne hoto zai faɗa maka? Kuma garin nan namu da damshi, ƙarfen da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa ko aka binne shekara da shekaru, waje na iya yin ƙyalli ciki ya ruɓe. Irin wannan in ta tashi fashewa a hannun mai ita take fashewa, in kuma ta ƙi tashi to ta ƙi ne a lokacin da ka riga ka nuna wa ɗan fashi ita, shi kuwa tasa tana aiki.

Wannan ya taɓa ni amma ba shi ne ya karya min gwiwa ba. Abin da ya faɗa bayan nan ne. Ya ce bindigar hannu ba kamar tsohuwar waya ba ce da za ka goge komai ka sa sabon sim. Kowace bindiga tana barin tabonta a jikin harsashi da kwanson da ta tofar, kuma masu bincike na iya haɗa su. In an taɓa kashe rai da ita a wani gari shekara uku da suka wuce, ranar da aka same ta a ƙarƙashin kantata ni za a tambaya, kuma me zan ce, wani mai murya a waya ne ya sayar min? Sai na tuna wadda aka ɗora min a haƙarƙari, na ce a raina ita ma fa wata rana wani zai shimfiɗa ta a kan tawul ya ɗauki hoto ya ce mai ita ya rasu. Jikina ya yi sanyi, har ga Allah.

Sai ya shiga maganar doka, nan kam ya ɗaga murya. Ya ce a Ghana riƙe bindiga ba da izini ba babban laifi ne mai daraja ta ɗaya a ƙarƙashin dokar manyan laifuka ta 1960, ba abin da za a kashe da ban haƙuri a caji ofis ba ne. Dokar makamai ta 1972 ita ta ce sai an yi rajista, kuma lasin ɗin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, duk shekara ake sabunta shi a wajen 'yan sanda, ko wanda ke da lasin ba shi da ikon ya miƙa wa wani ita haka kawai sai hukuma ta yarda, balle a sa ta a kwali a ba direba ya ratso shingayen da ke hanyar Accra da ita bai san me ya ɗauko ba. Wannan ma ban yi tunaninsa ba, bawan Allah direba da iyalinsa. Ya ce fistol ta fi bindigar farauta wuyar samun izini nesa ba kusa ba, sai an binciki mutum sosai, maganar har ma'aikatar cikin gida take kaiwa. Ya tuna min tun 2007 aka kafa hukumar kula da ƙananan makamai, kuma binciken da aka yi a 2014 ya nuna akwai bindigogi wajen miliyan 2.3 a hannun farar hula a ƙasar nan, kusan rabi babu rajista. Ya ce kana so ka ƙara ɗaya a kan wannan rabin, a Zongo, inda ko ba ka yi komai ba ana kallonka da ido ɗaya?

Na ce Kawu to ni yaya zan yi, tsoro nake ji. Ban taɓa faɗa wa kowa haka da bakina ba sai yau. Bai yi min faɗa ba. Ya yi shiru, ya ce ya sani, ya ce shi ma ya taɓa jin bakin bindiga a jikinsa. Ya sa aka kawo mana waakye, shinkafa da wake, muka ci, ko rabi ban iya ci ba.

Ina hanyar dawowa mutumin ya kira. Na ce ya turo hoton ɗaya gefen da lambar, da takardar rajistar mamacin. Ya ce chale kai ma ka cika tambaya, akwai wani a Tamale da ke jira da kuɗi a hannu, in ban tura kafin la'asar ba shikenan. Na ce ko in zo Accra da kaina in gani. Ya ce ba ya haɗuwa da mutane. Ni da aikina kenan, kullum ina gargaɗin tsofaffi kada su tura kuɗi ga muryar da ba su sani ba, na san wannan gaggawar, na san ta sarai, ita ce dai wadda ake yi wa masu sayen waya da fili. Wataƙila ma babu bindigar, hoton wani ne, kuma wanda aka cuta a cinikin haram wa zai kai wa ƙara.

Da la'asar na faɗa wa maiɗakina komai. Ta yi kuka, ba don kuɗin ba, ta ce a ɗaki ɗaya da falo ina zan ɓoye ta da yaron nan ɗan shekara biyar da babu jakar da bai buɗe ba. Ba ni da amsa.

Mun zauna da ƙanena mun tsara abin da za mu iya. Daga gobe ƙarfe biyar da rabi za mu rufe, kuɗi ba za su ƙara taruwa a kiyos ba, sau biyu a rana za a kai banki kuma ba lokaci ɗaya kullum ba. Na yi magana da mai walda zai zo ya sa ƙarfe a tagar, 4,000 ɗin can za su tafi, da fitila mai sola a gaban shago. Kawu ya ce in har bayan wata ɗaya raina bai kwanta ba, shi da kansa zai raka ni hedikwatar 'yan sanda a Adum mu tambayi hanyar lasin yadda take, kuma ya ce kada in goge hotunan da lambar mutumin, ranar Alhamis zai kai ni wajen wanda ya kamata ya gani.

Ya ƙara kira sau uku bayan magariba, ban ɗauka ba. Yanzu ma ina rubutun nan wani mashin ya tsaya a bakin layinmu, sai da na tashi na leƙa ta labule. Maƙwabcinmu ne ya dawo daga kasuwar Kejetia.