Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mai inji shi ad da majigi

Makon jiya na yi alkawarin yau zan ba da labarin aurena na fari. Ku yi haƙuri, sai wani makon. Ranar Talata uwargida tana kwashe tarkacen tsohuwar adaka ta ci karo da wani kwalin kaset ɗin bidiyo, babu komai a ciki, a gefensa an rubuta "Bakolori 1" da jan biro. Rubutuna ne. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, maganar Kawu kawai ke yi mini yawo a kai.

Waɗanda suka san gidanmu sun san Kawu ya yi aikin majigi tun zamanin En'e. Shi ne mai fassara. Mota za ta isa gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, bayan isha'i a tada inji, shi kuma ya riƙe lasifika yana gaya wa mutane abin da hoton ke nufi: a wanke hannu, a shuka gyaɗa da auduga a layi, a biya haraji kan lokaci. Ya ce wani dare ya ɗan ƙara gishiri a kan masu karɓar haraji, jama'a suka fashe da dariya, sai kawai jami'in da ke tare da su ya miƙa hannu ya kashe inji. Duhu ya rufe fili, kowa ya kama hanyar gida. Daga nan ya samo maganarsa da ya mutu yana maimaitawa: "Mai inji shi ad da majigi."

A 1995 ina ganin wannan zancen tsofaffi ne. Mu bakwai ne, 'yan jami'a da waɗanda suka gama suna zaman jiran aiki, muna haɗuwa a wani zaure a Runjin Sambo. Lokacin Abacha ne, magana ma sai an waiga. Wani malaminmu ya ba mu aron kaset biyu, ya kuma cika mana kai da labarin 'yan aƙidar nan da ke cewa mutane za su iya tafiyar da al'amuransu ba sarki, ba gwamna, ba mai kamfani. Ya ce a 1936 ma'aikatan birnin Basalona na Sifen sun karɓe gidajen silima da wuraren shirya fim ta hannun ƙungiyarsu ta ƙwadago, mai yanka tikiti da mai harba fim suka zama masu faɗa a ji. Ya ce ko a nan gida akwai irinsu a Inugu, su Sam Mbah. Nan take muka yanke cewa ƙungiyarmu ba shugaba, ba sakatare, ba ma'aji. A Sakkwato fa, garin da mahauta ke da sarki, maƙera ke da sarki. Da na gaya wa Kawu sai da ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗana, ko makafi na da sarki. To injin na wa?"

Injin na ɗan Alhaji ne, ɗaya daga cikinmu. Talabijin ɗin ma nasa ne, da na'urar bidiyon. Mu namu karo-karon kuɗin galan ɗin fetur a wurin 'yan bumburutu.

Kaset ɗin farko wani dogon fim ne da aka yi a Ajantina a 1968, ya haura awa huɗu. A ɓoye aka ɗauke shi, a ɓoye ake nuna shi a gidajen ma'aikata, kuma an tsara shi ne don a riƙa tsayar da shi masu kallo su yi muhawara. Wannan dabarar ce ta sace mini zuciya. Muka shimfiɗa tabarmi, muka toshe taga da buhu, ni na tsaya gefen talabijin ina karanta Turancin da ke ƙasa ina juyawa da Hausa, aikin Kawu sak, ban ma lura ba. Da aka zo wurin da ake nuna yadda kamfanonin waje da manyan masu gonaki suka mamaye arzikin ƙasar, na danna tsayawa na ce to jama'a, me kuka gani? Shiru. Can sai wani dattijo majemi da ya shigo don shan iskar fanka ya ce, "Mi za mu gani? Wanga ai Bakolori ta."

Yaran yanzu ba su san Bakolori ba sai a matsayin madatsar ruwa. An gina ta a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, wani kamfanin Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, manoma suka yi ta jiran diyya, da suka gaji suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙona gidaje. Adadin da hukuma ta faɗa kaɗan ne, mutanen wurin kuwa ɗaruruwa suke ƙirgawa. Kuma mulkin farar hula ne, ɗan jiharmu ke shugabancin ƙasa, shi ya sa a gidaje da yawa ba a son tada zancen har gobe.

Muka ce mu ma za mu yi namu fim. Muka yi hayar kyamara a wurin mai ɗaukar biki, kwana biyu, muka hau motar Mafara. Lokacin ba a cire Zamfara ba, sai 1996. Maza da yawa suka ƙi magana, suna ganin kyamara suna ɗauka 'yan gwamnati ne. Wata tsohuwa ce ta yarda. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara, ta zaro wata takarda da ta yi laushi kamar tsumma, ta awon gonar mijinta. Ba ta iya karatu ba, a kife ma ta riƙe ta. Ta ce, "Ɗiyana, ku ɗauki wagga da kyau." Sannan ta shiga jero sunayen waɗanda ba su dawo ba tana lanƙwasa yatsu, da yatsun suka ƙare ta sake daga farko. Hannuna na rawa, hoton ma ya yi ta rawa.

Mun sa ranar nunawa, sai ga labari a BBC cewa an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, ranar 10 ga Nuwamba, mutumin da ya yi ta faɗa da ɓarnar haƙar mai a ƙasar Ogoni. Jikin kowa ya yi sanyi. Duk da haka muka ɗaga hannu, shida suka ce a nuna. Ɗan Alhaji ya ce shi ba ya hana kowa, ai ba shugaba, amma mahaifinsa na jiran kuɗin kwangila, inji ba zai fito daga gidansu ba. Kaset ɗin ma ya ce a kawo ya ɓoye, gidansu ba a bincike. Ni na miƙa masa da hannuna, na riƙe kwalin. Da na koma gida Kawu bai ce komai ba, ya dai kalle ni, ni na faɗi maganar da bakina.

Yanzu mutumin nan mai ba wani babba shawara ne, yana rubuta "mu 'yan gwagwarmaya" a Facebook, yara na yi masa tafi. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Sai dai in zan faɗi gaskiya, na samu damar kwafar kaset ɗin kafin in ba shi. Kuɗin sabon kaset na aljihuna, na kai su toshi wurin yarinyar da ko aurenta ban yi ba.

Bayan rasuwar Abacha a 1998 na je karɓa. Ya ɗauko ba musu, har da ba ni lemo. Na kai gida na sa a na'ura. Tsohuwar ta fito, ta buɗe gwangwani, ta fara zaro takarda, sai hoto ya yi tsalle, kalangu ya ɓarke, ga mata sun sha lalle ana liƙi. Kamun ƙanwarsa aka ɗauka a kai, awa uku cur. Na zauna na kalle shi har ƙarshe ko za ta sake fitowa.

Uwargida ta tambaye ni jiya ko ta jefar da kwalin. Na ce ta mayar da shi adaka.