Wata takwas na shirya tafiya, kwana shida na shirya dawowa

Ƙannena da ke karatu a ƙasashen waje, da ku da kuke haɗa kayan tafiya, ku ba ni aron hankalinku. Wata takwas na yi ina shirin tafiya Indiya karatu: neman gurbi, biza, gwajin lafiya, da tambayar duk wanda ya taɓa taka ƙasar. Da shekaru huɗu suka cika, kwana shida kacal na ba shirin dawowa. A raina ina cewa ai gida zan koma, wa ake koya wa hanyar gidansu? Kusan duk wahalar da na sha a shekarar da ta biyo baya daga wannan tunani ta samo asali.

Tikiti ne farkon abin da ya kayar da ni. Don in rage kuɗi, sai na sayi guda biyu daban daban, ɗaya daga Bangalor zuwa Dubai, ɗaya daga Dubai zuwa gida, a kamfanoni biyu da babu abin da ya haɗa su. Na bar tazarar awa uku a tsakani, ina ganin ta wadatar. Jirgin farko ya yi jinkirin tashi, kafin mu sauka na biyu ya ɗaga. Na je gaban teburin kamfanin ina haki, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce a wajensu ni fasinja ne da bai zo ba, kuma gaskiyarta ce. Da tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar tun daga farko har ƙarshe, da nauyin kamfanin ne ya saka ni a jirgi na gaba. Tunda ni na raba, ni na ɗauki asarar. Na sayi sabon tikiti da kuɗin da na yi niyyar riƙe kaina da su a watannin farko, na yi awa goma sha tara a kan kujera da jaka a cinya. Araha ba ta ado. In dole sai kun raba tikiti, ku fara bincika ko za ku buƙaci bizar ƙasar da za ku yada zango, domin ɗauko akwati a sake auna shi yakan buƙaci a wuce jami'an shige da fice. Ku kuma karanta lokacin tashi da kyau: jirgin ƙarfe 12:40 na dare ranar Talata, ranar Litinin da dare ake fita dominsa.

Da na sauka, akwati ɗaya ya fito, ɗaya bai fito ba. Na tsaya ina kallon bel ɗin kaya yana zagayawa har ya koma babu komai a kansa sai wani kwali da aka naɗe da leda, sannan aka kashe shi. A lokacin ne gabana ya faɗi, don na tuna takardun karatuna duka suna cikin wancan akwatin. Na cusa su a can ne saboda jakar hannuna ta cika da tsaraba. Allah Ya taimake ni wani dattijo da muka zo tare ya ce, "Ɗana, kada ka fita daga nan sai ka cike takardar rahoton ɓatan kaya, ka karɓi lamba." Ya ce in adana 'yar takardar da aka manna a bayan katin shiga jirgi, ita ce shaidata. Daga baya na san cewa a yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara haƙƙin fasinja a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, kayan da suka wuce kwana 21 ba su iso ba ana ɗaukarsu sun ɓata, kuma wanda kayansa suka iso a lalace kwana bakwai gare shi ya kai ƙorafi a rubuce. Nawa ya zo a kwana na tara. Fasfo, takardun shaida, magani da kwamfuta, a jikinku za su zauna har ku shiga gida.

Amma babban kuskuren ba a filin jirgi na yi shi ba, tun a makaranta na baro shi. Takardar shaidar wucin gadi kawai na taho da ita, wadda jami'a ke bayarwa kafin bikin yaye ɗalibai, kuma babu hatimin kowa a kanta sai na jami'ar. Wurin farko da na nemi aiki suka tambaye ni cikakken sakamakon darussa a rufe cikin ambulan, da shaidar an tantance takardar a ƙasar da ta bayar da ita. Ban ma san ana yi ba. Tsakanin ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, hatimi guda da ake kira Apostille ya isa, kuma Indiya na ciki, ma'aikatar harkokin wajenta ke bugawa. Idan ƙasarku ba ta ciki, sai an bi ta ma'aikatar sannan a kai ofishin jakadancinku. Aikin da zan gama da ƙafata cikin 'yan makonni ya ci mini wata bakwai, ina roƙon wani aboki da ke da nasa karatun ya riƙa zirga-zirga a madadina. Adireshin imel na makaranta ya rufu, da shi duk wasiƙun da muka yi da malamina. Layin wayata na can ya mutu, banki kuma ta nan yake turo lambar sirri, sai ragowar kuɗina suka maƙale. Malamin da ya duba aikina na ƙarshe kuwa ko sallama ban yi masa ba, har yau abin na damuna, ga shi kuma daga baya na rubuta ina neman wasiƙar shaida. Ya rubuta mini, bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi faɗa zafi a wajena.

Saura abin da babu hatimin da ke gyara shi, wato bakina. Makonnin farko kowace magana tawa da "a can" take farawa. A can ba a yin haka, a can abu kaza ya fi sauƙi. Ban yi da nufin raini ba, kewa ce ke cina ban gane ba, domin ban taɓa zaton mutum zai yi kewar inda ya kwashe shekara huɗu yana ƙirga ranar barinsa ba. Masana sun daɗe da lura da wannan. Tun 1963 John da Jeanne Gullahorn suka bayyana cewa ruɗanin da baƙo ke shiga a sabuwar ƙasa yakan sake samunsa idan ya koma tasa. Na yi tsammanin zan tarar da mutanena inda na ajiye su. Ashe abokaina sun yi aure, sun kafa sana'a, hirarsu ta koma kan abubuwan da ba na nan aka yi su, ƙanwata da na bari tana firamare ta zama budurwa mai jin nauyina.

Yayana ne ya tsayar da ni wani dare, bayan na gama wani dogon labarin jirgin ƙasa. Ya ce, "Wata biyu ke nan da dawowarka, mun san sunan kowane titi da ka bi. Ka tambayi Umma yadda ta yi da ciwon ƙafarta bara?" Ban san ma ta yi ciwo ba. Sun ɓoye mini don kada karatuna ya taɓu, ni kuma da na dawo ban bar wa kowa filin magana ba.

Washegari na shiga ɗakinta na zauna a ƙasa, na ce, "Umma, ki ba ni labarin bara." Ta dube ni jim kaɗan, ta janye zanen da ta rufe gwiwarta, ta nuna mini tabon ɗinkin. Ta faro daga ranar da ta faɗi, har hantsi ya dubi ludayi ba ta kai ga ranar da aka sallamo ta ba.