Yashin Wildlife da ruwan da ya makara

Tun daren jiya nake zuba wa wasu layuka ido a kwamfuta, har shayina ya huce ban sani ba. Malaminmu ne ya ba mu aikin: bayanan girgizar ƙasa da na'urori suka naɗa a wani fili da ake kira Wildlife, a bakin kogin Alamo da ke kudancin Kalifoniya.

A 1982 hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta binne na'urori shida masu auna matsin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ta ƙara da biyu masu auna girgiza, ɗaya a sama, ɗaya a zurfin mita 7.5. Sai aka koma jira, har shekara biyar. Ni da jiran kwana 28 na gwajin kankare ma yake isa ta!

A 23 ga Nuwamba 1987 girgiza mai ƙarfin 6.2 ta zo, yashin ya daure. Washegari ta Superstition Hills (wasu tuddai da ke yankin), mai ƙarfin 6.6, ta biyo baya, ruwa da yashi suka yi ta ɓulɓulowa daga ƙasa.

Duk wanda ya taɓa bubbuga dunduniya a jiƙaƙƙen rairayin bakin rafi ya san abin. Girgiza tana sa ƙwayoyin yashi su nemi matsewa, ruwan da ke tsakaninsu ya rasa mafita, sai nauyin ya koma kansa. Da matsin ya kai nauyin ƙasar da ke sama, ƙwayoyin sun saki juna ke nan, ƙasa ta zama kunu. Haka benaye suka kishingiɗa a Nigata ta Japan a 1964, ginin bai ko rushe ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne lokacin. Na ɗauka matsin zai yi tsalle daidai sa'ad da girgiza ta fi tsanani. Ina! A hankali ya riƙa hawa, bai kai ƙololuwa ba sai da mafi munin girgizar ta wuce. Wasu masana suka ce ai na'urorin ne suke jan ƙafa, aka yi shekaru ana ja-in-ja. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga Thomas Holzer, wani masani a USGS, da abokan aikinsa da suka yarda da abin da aka naɗa, domin igiyoyin girgiza masu tafiyar hawainiya sun ci gaba da murɗa yashin bayan ya riga ya yi laushi.

Ranar Litinin zan miƙa aikin, kuma har yanzu lissafina yana kai matsin ƙololuwa da wuri.