Wuyan suwaitar jikata

Hunturu ya ƙarato, ina ta saƙa wa jikata suwaita da zaren ulu. A wuya nake fi natsuwa. Idan na kai saman ƙirji sai in rufe idanun tsakiya, wato madaukan zaren da ke kan allurar saƙa, sannan in saƙa kowace kafaɗa daban. Ragin da ke fitar da siffar wuya kuwa ido ɗaya ne duk bayan layi biyu: in haɗa ido biyu in saƙa su tare. Amma ba a bakin gefe ba! Nakan bar ido ɗaya tukuna, don bakin ya fito sumul idan na zo ɗora kwala.

Kan jariri babba ne, don haka kada a matse rufin idanun wuya. Ni kafaɗar hagu nake bari a buɗe, in sa maɓalli biyu.