Lagwanin nakiya a idon doka: darasi daga wuraren fasa dutse

Ƙasar Damagaram dutse ce, don haka masu fasa dutsen gini da maginan rijiya ba sa rabuwa da zancen nakiya. Darasin da aikin ya fi koya mana shi ne, lagwanin da ake kunna ta da shi ba igiya ba ce a wurin hukuma, ko da ya yi kama da igiyar shanya. Albarushi ne a cikinsa, kuma da abubuwa masu fashewa ake lissafa shi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lambar da ke jikin kwali. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na jigilar kaya masu haɗari, lagwani mai ci a hankali yana da lamba UN 0105, rukunin 1.4S, wato mafi sauƙin haɗari a ajin farko, ajin abubuwa masu fashewa. Sai mutum ya ɗauka ai kayan kasuwa ne. Alhali lambar nan maganar lodi da tafiya kawai take yi, ba ta ba kowa izinin saye ko ajiya. Takardar riƙe bindigar farauta ma ba ta tsaya masa ba. Izinin nakiya hanyarsa daban, ta ma'aikatar ma'adinai. Wanda jandarma ko ƴan duwan suka samu da nadi guda cikin buhu babu takarda, da wuya "na rijiya ne" ta fisshe shi, balle a wannan zamani na rashin tsaro.

Akwai kuma igiya mai fashewa, UN 0065, rukunin 1.1D. Lagwani yakan ci mita ɗaya cikin kusan minti 2, ita kuwa tana tashi da gudun sama da mita 6,000 a daƙiƙa. Kwalin da takardarsa ta goge, kada a taɓa shi da zato.

Ajiya ma doka ce: kawunan tayarwa, wato ƴan kawunan da ake haɗawa da lagwani su tayar da nakiya, rukunin 1.1B, ɗakinsu daban da nakiya, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta shi a littafi. Damshin damina, mai ko lanƙwasa suna ɓata cin lagwani, ya mutu a tsakiya ko ya yi ta ci a ɓoye. Shi ya sa in an kunna nakiya amma harbin ya ƙi tashi, ba mai kusantar ramin sai bayan aƙalla minti 30, kuma mai harbin da ke da izini ne kaɗai zai fara leƙawa.