Laraba: Wanda Ya Tsaya Yana Kallo

Ƙarfe goma da rabi na dare, muryata a dishe. Yau na shiga babin laifuffukan da ake yi wa jikin mutum da 'yan ajin ƙarshe, darasi biyu a jere, minti 80. Tun jiya na kwana ina tsara yadda zan bi da su: kisa, jikkatawa, fyaɗe, garkuwa da mutane, kowanne da ma'anarsa da hukuncinsa. Ko rabin abin da na tsara ban kai ba.

Da na shiga na rubuta kalma biyu a allo, aiki da niyya. Na ce musu yawancin manyan laifuffuka a kan ƙafafun nan biyu suke tsaye. Wanda ya kwana yana ƙulla sharri a ransa bai motsa ba, kotu ba ta da abin kama shi da shi. Wanda kuma hannunsa ya yi ɓarna ba da nufi ba, ba da sakaci ba, ba a jera shi da mai ganganci. Suka gyaɗa kai irin gyaɗawar da na sani, ta mai jiran ƙararrawa.

Sai na ajiye takardata na ba su labarin jirgin ruwan Mignonette.

A 1884 ne ƙaramin jirgin ya tashi daga Ingila zai je Ostareliya da mutum huɗu: kyaftin Tom Dudley, mataimakinsa Edwin Stephens, matuƙi Edmund Brooks, da yaron jirgi Richard Parker, ɗan shekara 17. Ranar 5 ga Yuli igiyar ruwa ta nutsar da shi a kudancin tekun Atilantika. Suka tsira a ɗan kwale-kwale, da gwangwani biyu na abinci, ba ruwan sha. Yaron ya sha ruwan teku, ya galabaita. Da aka doshi mako uku, Dudley ya yanka shi da wuƙa bisa amincewar Stephens, su ukun suka rayu da namansa da jininsa. Kwana huɗu bayan haka wani jirgin Jamus ya tsince su. Da suka sauka a garin Falmouth na Ingila ba su ɓoye komai ba, da bakinsu suka ba da labari, don ba su ɗauka sun yi laifi ba.

Ajin ya yi tsit. Na ce to, ku ne alƙalai, ku yanke.

Nan fa aka ɓarke. Dogon yaron nan na bayan aji, wanda tun farkon zango ban ji ya ce uffan ba sai in an tambaye shi, shi ya fara ɗaga hannu. Ya ce, “Malam, ai larura ce. Mutum ɗaya ya tafi, uku sun rayu, kuma yaron dama mutuwa zai yi.” Kusan rabin aji suka goya masa baya. Wata yarinya a layin gaba ta juyo ta ce, “In dama mutuwa zai yi, me ya hana su jira?” Kafin ya ba ta amsa ta ƙara, “Kuma me ya sa shi? Don shi ne ƙarami, ba shi da mai tsaya masa?” Wallahi na ji daɗi, domin kusan tambayar da Lord Coleridge, babban alƙalin da ya karanta hukuncin shari'ar, ya yi ke nan a watan Disamban shekarar: wa zai auna ran wani da na wani, kuma da wane ma'auni? Kotu ta ce larura ba ta halatta kisan wanda bai yi maka komai ba. Aka yanke wa Dudley da Stephens hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata shida.

Wata shida! Masu cewa a sake su suka ce an zalunce su, masu cewa a rataye su suka ce an yi wasa da jinin yaro. Ni a ganina a nan hikimar take. Kotu ta ƙi sauya sunan abin, kisa ne, ta bar tausayi ya shigo ta ƙofar sassauci. Ban gaya musu ra'ayina ba. Na lura duk ranar da na faɗi nawa, shi suke kwafe mini a jarrabawa.

Daga nan na bambanta musu larura da kare kai, don sun fara cakuɗa su. Mai kare kansa yana tunkarar wanda ya kawo masa hari ne, kuma ƙarfin da zai yi amfani da shi sai ya yi daidai da barazanar. In maharin ya juya ya gudu ka bi shi ka sare shi, ka fita daga kare kai, ka shiga ramuwa. Parker kuwa bai kai wa kowa hari ba, kwance yake.

Wani ya tambayi yadda fiƙihu ya kalli rabe-raben kisa. Na ce tun da daɗewa malamai suka raba ganganci da kuskure, na farko ƙisasi ko afuwar magada, na biyu diyya da kaffara. Wasu mazhabobin sun sa na uku a tsakiya, mai kama da ganganci, Malikiyya kuwa galibi a kan biyu suka tsaya. Ko a can ɗin ma, abin da ke zuciyar mai hannu ake ƙoƙarin ganowa.

Inda na fi so su ji a jikinsu shi ne maganar duka. Yara a wannan shekarun suna ɗaukar laifi abu ne na wasu mugaye can nesa. Laifi tudu ne. Na ce a ce ka ture abokinka a kan matakala cikin fushi, ashe yana da ciwon da ba ka sani ba, ya faɗi ya mutu. Suka ce tsautsayi ne. Na ce a dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, yadda ka sami mutum haka za ka ɗauki alhakinsa. Na kawo musu shari'ar Blaue ta 1975: mutum ya soki wata budurwa 'yar shekara 18, a asibiti ta ƙi a ƙara mata jini saboda aƙidarta, ta rasu. Ya ce ƙin da ta yi ne ya kashe ta. Kotu ta ce sukar ce. Na ga wasu biyu da na raba faɗa tsakaninsu makon jiya sun sunkuyar da kai.

Fyaɗe da garkuwa ban taɓa su ba, lokaci ya ƙure. Gara haka ma. Ba maganar da za a yi a minti biyar ba ce ana tattara jakunkuna, kuma ina so malamar da ke ba ɗalibai shawara ta zauna a ajin ranar.

Bayan an tashi ina goge allo, sai na ga dogon yaron nan bai fita ba. Ya matso ya ce, “Malam, shi na ukun fa? Brooks. Me aka yi masa?”

Na ce ba a hukunta shi ba. Bai amince da kisan ba, bai sa hannu ba, masu gabatar da ƙara suka janye tuhuma suka mai da shi shaida.

“Amma ai ya ci.”

Na ce ya ci.

Ya yi shiru, sannan ya ce, “To idan mutum yana tsaye ana dukan wani, bai taɓa ba, bai hana ba, laifi ne?”

Na ba shi amsar littafi, don ita ce ta fara zuwa bakina. A Ingila ba a tilasta wa mai wucewa ya ceci wanda ba ya ƙarƙashin kulawarsa. A Faransa kuwa ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari laifi ne, in dai taimakon ba zai jefa ka cikin haɗari ba, kuma ɗaurinsa kan kai shekara 5. Jamus ma tana da irin wannan doka. Sannan ko a ina, in tsayuwarka ta zama zuga, ko ka tsare ƙofa, ko ka riƙe ƙafa, ka shiga ciki. Stephens bai riƙe wuƙa ba, amma hukuncinsa ɗaya da na Dudley.

Ya ce, “In kuma waya kawai ya riƙe, yana ɗauka?”

A nan na daina goge allon. Na ce ya danganta da abin da ya sa ya ɗauka da abin da ya yi da hoton daga baya. Na tambaye shi ko akwai abin da yake so ya gaya mini. Ya ce a'a, tambaya ce kawai. Ya yi godiya, ya saɓa jakarsa ya fita.

Ban bi shi ba, kuma tun magariba nake juya ko na yi daidai. In na matsa masa zai rufe baki, ba zai sake ɗaga hannu ba har ya gama makaranta. In na ƙyale, wataƙila akwai wani yaron da hotonsa ke yawo a wayoyinsu ni ban sani ba. Yanzu ma na gane abin da ya sa ya dage a kan larura da safe.

Gobe ba ni da darasi da su. Zan biya ofishin malamar kafin taron safe, in gaya mata tambayar ba tare da sunansa ba tukuna. Darasin Juma'a kuma na yage abin da na tsara, da Brooks zan buɗe.